ALBERT SEN-JORJI: LIKITAN DA YA GANO ABIN DA KE MOTSA TSOKA

Duk mahaucin da ya saba sammako zuwa kwatar Oko-Oba ta Agege ya san abu biyu game da nama. Na farko, idan aka yanka sa aka feɗe shi, tsokar cinyarsa takan yi ta rawa a kan tebur, alhali kuwa rai ya riga ya fita. Na biyu, in aka bar naman nan ya yi wasu sa'o'i sai ya sandare, ƙafa ta ƙi lanƙwasuwa, sai can daga baya ya sake saki. Mahauta sun gaji ganin wannan tun kaka da kakanni, amma ba a san dalilinsa ba sai a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a wani gari da ake kira Szeged a ƙasar Hungari. Mutumin da ya shugabanci aikin sunansa Albert Szent-Györgyi, ana faɗarsa Sen-Jorji. Ɗaliban likitanci na Idi-Araba sun fi saninsa da gano bitamin C. Amma aikinsa a kan tsoka shi ne ya buɗe wata ƙofa wadda masana ke ta shiga har yau.

An haifi Albert a birnin Budapest ran 16 ga Satumba, 1893. Ubansa mai gonaki ne, uwarsa kuwa ta fito daga gidan Lenhossék, watau zuriyar malaman ilmin sassan jikin mutum. Kawunsa Mihály Lenhossék shi ne babban malamin wannan fanni a Jami'ar Budapest, kuma tun farko bai ga alamar ƙwaƙwalwa wurin yaron ba, don kuwa Albert daƙiƙi ne a makaranta har ya kai shekara goma sha shida. Da ya farga ya kama karatu ya shiga makarantar likitanci cikin 1911, kawun ya yarda ya karɓe shi ɗakin bincikensa, amma bisa sharaɗin ya yi nazarin dubura. Dalili kuwa, tsohon yana fama da basir. To, da wannan aiki ne mutumin da zai ci lambar Nobel ya fara rubutun kimiyya.

Yaƙin Duniya na Farko ya katse masa karatu cikin 1914, aka kai shi bakin daga yana jiyyar sojoji, har aka ba shi lambar jaruntaka. Da ya shekara biyu yana ganin yadda ake karkashe samari a banza, sai ransa ya ƙi. Cikin 1916 ya ɗauki bindiga ya harbi hannunsa da kansa, ya ce abokan gaba ne suka same shi. Da an gane, da rataye shi za a yi ko a harbe shi. Aka komar da shi gida jiyya, ya ƙarasa karatunsa cikin 1917, ya auri Kornélia Demény, suka haifi 'ya ɗaya, Nelli.

Bayan yaƙi daular da ya yi wa soja ta wargaje, dukiyar gidansu ta salwanta. Ya shiga yawon neman wurin aiki da mata da 'ya: Prague, Berlin, Hamburg, daga nan Leiden da Groningen a ƙasar Holan. A Hamburg yunwa ta kai har ƙafafunsa suka kumbura. Cikin 1926 ya kai ga fid da rai, ya mai da iyalinsa Budapest, ya tafi wani taron masana a Stockholm a kan na ban kwana ne. Can sai ya ji babban malamin nan na Ingila, Frederick Gowland Hopkins, yana ambaton sunansa cikin jawabi yana yabon aikinsa. Ya je ya gabatar da kansa, Hopkins ya gayyace shi Jami'ar Kambirij.

DAGA ƘODAR SHANU ZUWA TATTASAI

A Kambirij ne ya tace wani farin gari daga wata 'yar kaluluwa da ke zaune bisa ƙodar dabbobi, ba tare da ya tabbatar da ko mene ne ba. Abin ba ya samuwa sai kaɗan-kaɗan, don haka ya tafi asibitin Mayo a Amurka ya shekara guda, inda manyan kwatocin da ke kusa suka riƙa kawo masa wannan kaluluwa ta shanu jibgi-jibgi. Duk da haka abin da ya tara bai wuce giram 25 ba.

Cikin 1930 ya karɓi kujerar malanta a Jami'ar Szeged ya koma gida. Nan wani saurayi Ba'amurke ɗan asalin Hungari, Joseph Svirbely, ya gwada garin nan a kan dabbobi, cikin 1932 suka tabbatar shi ne bitamin C, watau maganin ciwon nan mai sa dasashi jini da zubewar haƙora, wanda ya daɗe yana kashe matuƙan jirgin ruwa. Wani malami a Amurka, Charles Glen King, ya ba da irin wannan sanarwa kusan lokaci guda, aka yi ta jayayya a kan wa ya riga wani. Sa'an nan garin ya ƙare, babu kuma shanun Amurka. Szeged kuwa garin tattasai ne, kamar dai yadda ake jibge shi a kasuwar Mil 12. Wata rana da dare matarsa ta kawo masa tattasai cikin abinci, ba ya marmarinsa, ba ya kuma son ya ɓata mata rai, sai ya ce zai tafi da shi ɗakin bincike. Kafin gari ya waye ya gane tattasai maƙare yake da bitamin C. Cikin 'yan makonni ya tace fiye da kilo guda, ya rarraba wa masana na ƙasashe kyauta. Cikin 1937 aka ba shi lambar Nobel saboda wannan, da kuma bincikensa a kan yadda jiki ke ƙone abinci, wanda ya yi da tsokar ƙirjin tattabara. Lambar zinariyar ma bai riƙe ta ba: da Rasha ta auka wa ƙasar Finlan cikin 1939, sai ya ba da ita gudummawa ga Finlan.

ZAREN DA YA MOTSA

Wani da ya sami Nobel yana ɗan shekara 44 sai ya miƙe ƙafa ya ci gajiyar sunansa. Albert kuwa watsar da bitamin ya yi gaba ɗaya ya koma kan tsoka. Ra'ayinsa shi ne ginin rai iri ɗaya ne a jikin kowace halitta, ko ciyawa ko mutumin da ke yankanta, saboda haka mai bincike sai ya zaɓi wurin da aikin rai ya fi fitowa fili. Babu kuwa inda ya fi tsoka, don motsinta ido na ganinsa, ana kuma iya auna shi.

Abin da aka sani a lokacin kaɗan ne. Tun 1864 wani Bajamushe, Wilhelm Kühne, ya raɗa wa wani furotin da ya tatso daga tsokar kwaɗo suna mayosin. Furotin dai shi ne abin gina jiki da ke saura cikin nama in an kau da ruwa da kitse, kamar yadda mai kilishi ke yi in ya shanya. Cikin 1939 kuma wasu mata da miji a Masko, Vladimir Engelhardt da Militsa Lyubimova, suka gano mayosin yana farfasa wani sinadari da ake kira ATP. Shi ATP kamar canjin kuɗi yake. Tuwon da mutum ya ci babbar takarda ce wadda tsoka ba ta iya kashewa, sai jiki ya canza ta zuwa ATP tukuna. Wannan labari na Masko shi ya zaburar da Albert.

Yana da mataimakiya, Ilona Banga. Aikinta ta niƙa naman zomo, ta jiƙa shi cikin ruwan wani irin gishiri minti ashirin, ta tace mayosin. Wata rana cikin 1941 aka bar jiƙon ya kwana. Da safe suka tarar ya yi kauri da yauƙi kamar miyar kuɓewa, ba kamar tsararon da suka saba samu ba. Mai gaggawa da zubarwa zai yi ya ce aiki ya ɓaci. Su kuwa suka tsaya tambayar abin da ya shiga ruwan cikin dare. Albert ya ɗora wa wani ɗalibinsa, Brunó Straub, neman amsa, cikin 1942 Straub ya ware furotin na biyu, aka sa masa suna aktin. Ashe abin da aka shekara kusan tamanin ana kira mayosin, sau da yawa gamin abu biyu ne. (Shi Straub ɗin nan, cikin ikon Allah, shi ne ya zama shugaban ƙasar Hungari daga 1988 zuwa 1989.)

Sai Albert ya tsiyaya wannan mai yauƙi cikin ruwa ta siririn bututu, ya zama zare. Ya dafa nama ya ɗebi romon ya ɗiga a kan zaren, yana kallo ta madubin ƙara girma. Zaren ya tsuke ya gajarce a gabansa. Ba jijiya, ba jini, ba dabba, furotin biyu ne kawai da ruwa. Da suka bincika romon, suka ga ATP ne da ɗan gishiri ke yin aikin. Wannan shi ne karo na farko da ɗan Adam ya haɗa motsin tsoka a cikin kwalba, kuma har tsufansa Albert yana lissafa ranar nan a kan ita ce mafi daɗi cikin aikinsa duka. A ɗakin nan ne kuma wani ɗalibin, Tamás Erdős, ya nuna cewa nama yana sandarewa ne sa'ad da ATP ya ƙare a cikinsa. Ga amsar mahauta ke nan: tsokar da ke rawa a tebur sauran canjinta take kashewa, in ya ƙare ta ƙulle.

HITILA YA SA A KAMO SHI

Duk wannan ana yinsa ne Hungari tana cikin yaƙi a gefen Jamus, ba hanyar aika rubutu Ingila ko Amurka. Sai suka riƙa buga sakamakon a wasu 'yan littattafai na jami'arsu, waɗanda kusan ba wanda ya gani a waje. Albert kuwa bai ɓoye ƙiyayyarsa ga 'yan Nazi ba, ya kuma taimaki abokansa Yahudawa su tsere. Cikin 1943, da sanin Firayim Minista Miklós Kállay, ya tafi Santambul da sunan zai yi lacca, alhali ganawa ya je yi da wakilan Ingila a kan yadda Hungari za ta zame daga yaƙin. 'Yan leƙen asirin Jamus suka ji labari. Da sojan Jamus suka mamaye Hungari cikin Maris 1944, Hitila da kansa ya nemi a miƙa masa shi.

Aka tsare shi a gida, ya sulale, ya shiga ɓuya gida-gida tare da matarsa ta biyu, Márta. Sarkin Suwidin ya ba shi takardar zama ɗan ƙasa, ofishin jakadancin Suwidin a Budapest ya ɓoye shi. Abin da ya fi damunsa a lokacin ba ransa ba ne, tsoronsa kada a kashe shi aikin tsoka ya bi shi kabari. Saboda haka ya rubuta shi duka ya aika wa abokinsa Hugo Theorell a Stockholm. Shi kuwa Theorell, don ya kwantar masa da rai, sai ya bugo waya cewa saƙo ya iso, ya sa adireshin ofishin jakadancin. Wayar nan ita ta tona inda yake. Da kyar aka fitar da shi cikin but ɗin mota kafin a zo bincike. Ya ci gaba da ɓuya har sojan Rasha suka shigo Budapest farkon 1945, a shekarar kuma aka buga rubutun nasa a Suwidin, duniya ta ga abin da aka yi a Szeged.

Da farko ya kyautata wa Rashawa zato, ya shiga majalisa, ya taimaka aka ta da cibiyar masana ta ƙasar. Da ya ga ana kama mutane ana azabtarwa, har da abokinsa, sai ya bar ƙasar cikin 1947 ya koma Woods Hole, wani ƙauyen bakin teku a jihar Massachusetts ta Amurka, inda akwai tashar nazarin halittun ruwa. Nan ya kafa cibiyar binciken tsoka, kuma cikin waɗanda suka ba shi kuɗi har da Armour, babban kamfanin mahautan Amurka. Cikin 1949 ya gano in aka jiƙa siririn naman zomo cikin gilisarin aka sa a sanyi, zai yi watanni, in an ɗiga masa ATP ya tsuke kamar mai rai. Har yanzu ana amfani da wannan dabara.

Amma fa ya yi kuskure a wuri guda babba. Shi a ganinsa furotin ɗin ne da kansa ke naɗewa ya gajarce. Cikin 1954 Hugh Huxley da Jean Hanson, da kuma Andrew Huxley da Rolf Niedergerke, suka nuna ba haka ba ne. Aktin da mayosin zare ne iri biyu jere da juna, ba wanda ke gajarcewa, shiga tsakanin juna suke yi. Mayosin yana da kawuna masu kama aktin su ja, su saki, su sake kamawa gaba, kamar mutane sun yi layi suna jan igiyar guga hannu bayan hannu. ATP shi ke sa hannu ya saki don ya sake kamu, shi ya sa in babu shi hannuwa duka sukan ƙame a kan igiya. Abin mamaki, Huxley da Hanson da dabararsa ta gilisarin suka yi aiki. Albert ya daɗe bai yarda ba, kuma ba da jimawa ba ya bar fagen tsoka.

TUN KAFIN A YI TSOKA

Inda ya yi gaskiya kuwa shi ne batun nan nasa na cewa ginin rai ɗaya ne. Cikin 1952 wani saurayin masani a Amurka, Ariel Loewy, ya sami abu mai halin aktin da mayosin a jikin wani yauƙi da ke rarrafe a kan ruɓaɓɓen itace, halittar da ba ta da tsoka ko ɗaya. Cikin 1966 Hatano da Oosawa na Jami'ar Nagoya a Japan suka tace aktin sosai daga wannan yauƙi. Cikin 1973 Thomas Pollard da Edward Korn suka sami wani irin mayosin a jikin amiba, 'yar halittar nan mai ƙwaya ɗaya tak wadda ido ba ya gani. Daga nan aka yi ta samunsu ko'ina: cikin yis na masu burodi, cikin ganyen itace, cikin farin jinin mutum mai bin ƙwayar cuta. Duk sa'ad da ƙwayar halittar dabba za ta rabu biyu, zoben aktin da mayosin ne ke tsuke ta a tsakiya kamar bakin jaka. Aktin ɗin tsokar zomon da Straub ya tace daidai yake da na tsokar mutum, ba bambanci ko ɗaya cikin ɗuwatsu 375 da aka jera shi da su, na yis ma ya yi daidai da na mutum fiye da kashi 85 cikin 100.

Wani ɗan'uwansa ƙarami, Andrew Szent-Györgyi, wanda ya biyo shi Woods Hole, shi ya riƙe wannan gefe. Cikin 1975 shi da William Lehman suka buga nazarin tsokar halittu wajen ɗari, daga tsutsa zuwa ƙwaro zuwa kifi. Suka ga injin ɗaya ne, amma makunninsa ya bambanta. A dabbobi masu ƙashin baya makunnin tsokar gaɓoɓi yana jikin aktin, a dangin katantanwa yana jikin mayosin, da yawa daga cikin sauran kuwa suna da duka biyu.

Shi Albert a lokacin ya koma neman maganin ciwon daji, wanda ya kashe matarsa Márta cikin 1963, ya kashe 'yarsa Nelli cikin 1969. Ya shekara fiye da ashirin a kai, yana ƙin rubuta takardar neman kuɗi irin wadda hukuma ke so, don a ganinsa mai bincike ba ya sanin abin da zai samu tun bai nema ba. Gaskiya dai aikin nan bai haifar da abin da ya yi fata ba, masana da yawa suka ɗauke shi tsoho mai taurin kai. Ya kuma yi ta sukar yaƙin Biyetnam da makaman ƙare dangi, har ya rubuta littafi a kai cikin 1970. Ya mutu a Woods Hole ran 22 ga Oktoba, 1986, yana da shekara 93. Shekara guda bayan haka aka sa wa makarantar likitanci ta Szeged sunansa.

Sauran labarin ya fito ne bayan ransa. Cikin 2012 Patrick Steinmetz da Ulrich Technau na Jami'ar Vienna da abokan aikinsu suka gwada kundin gadon halittu iri-iri, suka ga irin mayosin ɗin da ke cikin tsoka mai ƙarfi ya girmi dabbobi gaba ɗaya, don akwai shi a jikin wasu halittu masu ƙwaya ɗaya. Soson teku, wanda dabba ne amma ba shi da tsoka, yana da shi. Jelifish kuma, halittar nan mai kama da laima da igiyar ruwa kan watso bakin tekun Ikko, tana da tsoka mai zane-zane kamar ta sa, amma babu wasu furotin da tsokar sa ba ta aiki sai da su, irin su taitin da turofonin. Abin da masanan suka fahimta shi ne, tsoka mai zane ta samu sau biyu ko fiye, kowane reshe na dabbobi ya gina tasa da tsofaffin kayan da ya tarar. Cikin 2014 kuma aka ba da bayanin wata halitta da ta bar sawunta a dutse a tsibirin Newfoundland na Kanada, aka sa mata suna Haootia. A lissafin masana ta kai shekara miliyan 560, kuma layukan da ke jikinta suna ganin dam ɗin tsoka ne, watau tana cikin mafi tsufan shaidar tsoka da aka samu.

Akwai ma wanda ya shafi kowane gida a Agege da damina. Sauron da ke kuka a kunne da aktin da mayosin yake kaɗa fiffike. Ƙwayar zazzaɓin da yake zubawa cikin jini, ita ma ƙwaya ɗaya ce ba ta da tsoka, amma tana da nata aktin da mayosin a ƙarƙashin fatarta, da su take silalawa ta kutsa cikin jan jinin mutum. Nata sun ɗan saɓa da na mutum, shi ya sa masu haɗa magani ke neman abin da zai ƙulle nata injin ya bar na majiyyaci.